Tambaya ga mazauna Faransa: me ya sa kusan kowane ƙauye Saint wane ne, kuma cocin kullum a kulle?

Bamarade:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Faransa, musamman wanda ya taɓa zaman ƙauye, ba Paris ko Liyon ba. Yau sati uku kenan da zuwana, istaj nake yi, wato koyon aiki, na wata shida a wata gonar awaki a yankin Vienne, wajen kilomita 40 kudu da Poitiers, cuku suke yi da nonon awakin. Aikin kam ba laifi, ni da na tashi cikin jajayen awakin Maradi ba a nuna min tatsa, duk da nan inji ke yi kuma akuya ɗaya tasu sai ta ba ka nonon da uku namu ba su bayarwa.

Zaman ne dai wallahi sai a hankali. Garin shiru kamar an yi rasuwa. Babu kanti ko ɗaya, burodi ma wani inji ne a gaban meri, wato ofishin magajin gari, ka saka yuro ɗaya da 'yan canji ya tofo maka bagat. Ƙarfe bakwai na yamma kowa ya ja tagoginsa na katako ya rufe, ba ka ganin ko yaro a waje. Ranar Lahadi ta farko na fita miƙe ƙafa bayan gari sai na ji harbin bindiga tau tau kusa da ni, na dawo gida da gudu ko takalmi ban tsaya gyarawa ba, mai gonar ya dinga dariya har da riƙe ciki wai mafarauta ne.

To tambayoyina biyu ne. Na farko sunayen garuruwan nan, in muna tafiya kai cuku kasuwa ina karanta allunan hanya, Saint kaza Saint kaza ba iyaka, sauran kuma duk ƙarshensu ɗaya, Civray, Gençay, Savigné, sai can ka ga Lussac, Pressac, har akwai ƙananan unguwanni da aka rubuta Chez wane kawai. Suna da ma'ana ne ko haka nan ne? Na biyu coci. Ƙauyen bai kai mutum 400 ba amma cocinsu ta dutse ce ƙatuwa, tsohuwa sosai, ƙararrawa na bugawa safe da rana da yamma amma ban taɓa ganin an buɗe ƙofar ba balle in ga mai shiga. Wa ke kaɗa ta? Kuma ni musulmi in na ce ina son ganin ciki za su ɗauke shi wani abu?

Kawu_Limoges:

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ɗana, ai maƙwabta muke, ni ina Limoges sama da shekara 20, na kuma yi zaman ƙauye a Creuse shekara huɗu, can ya fi naka shiru nesa ba kusa ba.

Bari in fara da cocin. Ba mai kaɗa ƙararrawar nan, lantarki ne, an saita ta da agogo. Ginin kuma ba na fada ba ne, wato limamin coci, na gari ne. A watan Disamba 1905 suka yi dokar raba addini da gwamnati, daga nan cocin da aka gina kafin shekarar suka zama mallakar komin, wato ƙaramar hukumar garin, manyan katidiral kuma na gwamnatin ƙasa. Kiristoci na ibada a ciki kyauta amma in rufi ya yi yoyo magajin gari ne zai nemo kuɗin gyara, ko da shi kansa bai yarda da Allah ba, kuma da yawansu haka suke. Komin wajen 35,000 ne a ƙasar nan, cocin da ke hannunsu sun kai wajen 40,000, ka ga kuwa nauyi. Fada kuma sun yi ƙaranci, mutum ɗaya sai ya riƙe ƙauye goma sha ko ashirin yana zagayawa, shi ya sa taku ba a buɗe ta sai jana'iza ko ɗaurin aure ko in layi ya zo kanta. Kullewar kuma saboda ɓarayin gumaka da kayan tarihi ne.

Ka je meri ka tambayi sakatariya, ka duba takardar da ke manne a ƙofa tukuna don a ƙananan ƙauyuka ba kullum suke buɗewa ba, wani wurin yini biyu ne a sati. Ko makullin na wurinta ko yana hannun wata tsohuwa kusa da cocin, kusan kullum tsohuwa ce. Ba wanda zai tambaye ka addininka. Ka cire hula kawai in ka shiga, su a wurinsu namiji cire hula ne ladabi.

Sauran nasiha ta kawu. Bonjur ɗin nan kar ka raina shi. Mu mun saba ina kwana ina gajiya ya iyali ya sanyi, su kalma ɗaya ce amma in ka shiga kanti ko farmasi ba ka faɗe ta ba an gama da kai, har ka bar garin ana cewa yaron nan ba shi da tarbiyya. Daga sha biyu zuwa biyu na rana kar ka nemi kowa, suna cin abinci. Lahadi da yamma da Litinin yawancin ƙananan kantuna a rufe. Farauta daga Satumba take har ƙarshen Fabrairu, in za ka bayan gari ka sa riga mai haske ka bi babbar hanya. Abinci kuma ka yi hattara da lardons, ƙananan yankan naman alade ne da suke watsawa cikin salad da ƙwai da komai, wani sai ya rantse maka babu nama a ciki don shi a ganinsa wannan ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne. Naman halal sai ka shiga Poitiers ka sayo na sati biyu ka zuba a firiza. Sannan Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba biyar da 'yan mintuna magariba ta yi, wannan duhun ya fi sanyin wahalar da baƙo, ka shirya masa.

Ummi_Poitiers:

Kai amma na ji daɗin tambayar nan, abin da na fi so kenan a duk zamana a nan. Ni Bakanuwa ce ina karatu a jami'ar Poitiers. Kawu ina wuni, a yi min afuwa zan yi tsawo.

Yaya Bamarade amsar a gida ka baro ta. Me ake nufi da Gidan Rumji? Ko Garin Malam, ko Unguwar wane? Wani ne ya sari daji ya zauna, wurin ya ci sunansa. To Chez wane ɗin da ka gani fassararsa kenan daidai, gidan wane, kuma sun fi yawa a kudancin Vienne da Charente da Limuzan. Waɗanda ke ƙarewa da -ière ko -erie kamar La Martinière su ma haka, gonar su Martin. Waɗannan su ne na baya-bayan nan, duk da su ma sun yi ɗaruruwan shekaru.

Tsofaffin su ne masu -ay da -é da -y da -ac, kuma abin mamaki duk abu ɗaya ne. Zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar, in mutum na da babbar gona sai a ɗauki sunansa a liƙa masa -acum a ƙarshe. Gonar wani Sabinius sai ta zama Sabiniacum. Da shekaru suka ja bakin mutane ya cinye kalmar, kowane yanki da irin cin da ya yi mata, 'yan kudu suka ce Savignac, 'yan arewa suka ce Savigny, 'yan yamma suka ce Savigné. Kamar dai yadda Basakkwace da Bakano za su ja kalma ɗaya kowa ta fito masa daban. Misalin da ya fi ba ni dariya, Aurillac da ke can cikin duwatsu da Orly inda filin jirgin sama yake a Paris suna ɗaya ne, gonar Aurelius. Kai kuma inda kake zaune kan iyaka kake, tsakanin masu tsohon yaren arewa da masu yaren kudu da ake kira Oksitan, shi ya sa tafiyar rabin awa za ka bar Savigné da Civray ka faɗa Pressac. Allon hanya na nuna maka inda yare ya canza shekaru aru-aru da suka wuce.

Akwai ma waɗanda suka girmi Rumawan, na mutanen Gol. Masu ƙarewa da -euil asalinsu fili ne da aka share a daji. Chasseneuil nan kusa da mu inda wurin shaƙatawar nan Futuroscope yake, ma'anarsa filin itacen oak, wani babban itace ne da suke ji da shi kamar yadda muke ji da kuka ko rimi, ka tuna Rimin Gado. Poitiers kanta sunan ƙabilar da ke wurin ne, Pictons, Limoges ɗin su Kawu kuma Lemovices, Paris ma Parisii. Villeneuve Sabon Gari ne ba ragi ba ƙari. Villefranche garin da sarki ko mai ƙasa ya yafe wa mazaunansa wasu haraji don mutane su zo su cika shi. Puy tudu ne ko dutse, ga Dogon Dutsi can a wajenku.

Saint ɗin kuma sunan waliyyin da aka gina cocin garin da sunansa ne, a hankali ya rufe tsohon sunan wurin. Komin wajen 4,000 ne ke da shi. Wanda ya fi kowa Saint-Martin, sama da gari 200. Lokacin juyin juya hali, wajen 1793, an so a kankare su duka, Saint-Denis aka mayar da shi Franciade, amma mutane ba su bi ba, bayan 'yan shekaru tsofaffin sunaye suka dawo. Da yake Saint-Martin ɗin sun yi yawa dole a ƙara wani abu a bambanta, sur kaza wato a bakin kogi kaza, ko sous wato ƙarƙashin kaza, ko lès wato kusa da kaza. In za ka sa a GPS ka rubuta har ƙarshe da lambar gidan waya, ni na taɓa sayen tikiti zuwa garin da ba shi nake nufi ba.

Direban_Rouen:

Hhhh Bamarade da gudun mafarauta, wallahi ni ma an yi min haka shekarar farko. Malama Ummi kin yi bayani Allah ya ƙara basira. Ni babbar mota nake ja don haka allunan nan su ne abokan hirata. A nan Normandi wasu iri ne daban, Yvetot, Bolbec, Caudebec, Honfleur, Elbeuf, wani abokin aikina ɗan nan ya ce min duk yaren Vikin ne, mutanen arewa masu jiragen ruwa da sarkin Faransa ya ba su ƙasar a 911 don su bar kai masa hari, bec ɗin nan rafi ne. In ka shiga Biritaniya ta Faransa kuma sai Plou kaza Ker kaza Lan kaza har kanka ya yi ciwo, gabas wajen Alzas komai heim kamar kana Jamus. Akwai wani ƙauye a Somme sunansa Y, harafi ɗaya tal, na tsaya na ɗau hoto da allon.

Amma ba ku faɗi namu ba ai. Can kudu kusa da Saint-Tropez akwai Ramatuelle, an ce min Rahmatullahi ne asalinsa, ga kuma duwatsun Maures duk na Larabawa ne. Kuma kusa da ku ne aka yi yaƙin nan na 732 ko ba haka ba?

Shawarata ɗaya, in parminka na gida, wato lasisin tuƙi, na aiki ka lallaɓa mai gonar ya riƙa ba ka ƙaramar mota ranar hutu. Ƙauyen Faransa ba mota kurkuku ne, bas ɗin da ke zuwa sau da yawa na 'yan lakwal ne, safe da yamma, ranar hutun makaranta kuma babu.

Ummi_Poitiers:

Malam Direba yaƙin 732 gaskiya ne, tsakanin rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi daga Andalus da ta Charles Martel, a nan Abdurrahman ya rasu, littattafan Larabci na kiran wurin Balaɗush Shuhada. Akwai wani wuri arewa da Poitiers wajen Vouneuil-sur-Vienne da ake kira Moussais-la-Bataille, an yi alluna da bayani a kan tudu, na je sau biyu, gonaki ne kawai da iska. Musulmin Andalus sun kuma riƙe wani sansani a kudu da ake kira Fraxinet, wajen La Garde-Freinet ta yanzu, kusan shekara 80 har zuwa wajen 972.

Amma Rahmatullahi ɗin nan labarin baka ne, masu nazarin sunaye ba su karɓe shi ba. Maures ma sun fi danganta shi da kalmar yaren wurin mai nufin baƙi ko duhu, saboda duhun dajin. Fraxinet ɗin kansa sunan itace ne da Latin. Mu ma ai muna da irin wannan, kowane gari da labarin da ake ƙirƙira wa sunansa daga baya don ya yi daɗin faɗa. Nan ma za ka ji ana cewa cukun chabichou da su Yaya Bamarade ke yi Larabawan 732 ne suka bar awakinsu da sunan, yana da daɗin ji a kasuwa, shi kenan.

Bulus_Wusasa:

Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne daga Zariya, na yi shekara biyu a Tours, bari in ƙara kaɗan ta ɓangaren cocin tunda Kawu ya gama da na hukuma.

Bugun nan uku na safe da tsakar rana da yamma sunansa Angelus, kiran addu'a ne na Katolika, yawanci bakwai da sha biyu da bakwai. Za ka ji ta buga uku uku sau uku sannan ta saki da yawa. Da can manomi na jin ta zai tsaya a gona ya cire hula, yanzu galibi agogon cin abinci ce kawai. Amma kar ka ga ba sa shiga ka ɗauka ba su damu ba. 'Yan birni da ke sayen gidan hutu a ƙauye sun sha kai ƙara kotu wai ƙararrawa ko zakara na hana su barci, har aka yi shari'ar wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron a 2019, zakaran ya yi nasara, a 2021 kuma majalisa ta yi doka cewa ƙarar ƙauye da warinsa gadon ƙasa ne. Mutumin da bai taka coci ba shekara 30 shi ne zai fi kowa tada jijiyar wuya in aka ce a kashe ƙararrawar.

Ɗaga kai ka duba saman hasumiyar za ka ga zakaran ƙarfe. Yana nuna inda iska ke kaɗawa, kuma tuni ne ga Bitrus da ya yi musun sanin Yesu sau uku kafin zakara ya yi cara.

Martin ɗin da Ummi ta ambata sojan Rum ne. Labarinsa da kowa ya sani, a ƙofar garin Amiens cikin tsananin sanyi ya ga wani miskini ba riga, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. In ka ga hoton mutum a kan doki yana yanka mayafi to shi ne. Ya bar soja ya zauna a Ligugé nan kudu da Poitiers wajen 361, har yau akwai sufaye a wurin, daga baya ya zama bishop na Tours, ya rasu 397. Shi ya yi ta yawo ƙauyuka yana wa'azi lokacin da addinin bai wuce birane ba, shi ya sa ƙauyuka suka fi riƙe sunansa.

In kana son sanin shekarun gini duba bakin ƙofa da tagogi. In zagaye ne kamar bakan gizo irin na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, bango mai kauri, taga ƙanana, ciki duhu, to wajen ƙarni na 11 ko 12 ne, irinsu ne suka cika yankinku. In bakan mai tsini ne sama, taga manya, ya zo daga baya. Kuma kar ka bar ƙasar nan ba ka je Saint-Savin ba, gabas da Poitiers, UNESCO ta sa ta a jerinta tun 1983. Rufin ciki gaba ɗaya zane ne da ya kai wajen shekara 900 da yinsa, ga jirgin Nuhu da dabbobi na leƙowa ta taga, ga Annabi Musa da Fir'auna a teku, labaran da ka sani ne duk, sai dai wuyanka zai yi ciwo da kallon sama. A hanya ka tsaya Chauvigny, a cocin Saint-Pierre akwai dodanni da aka sassaƙa a kan ginshiƙai suna cin mutane, magini ya ma rubuta sunansa a dutse, Gofridus ne ya yi ni.

Kawu_Limoges:

Malam Bulus ya tuna min wani abu. Yawancin tsofaffin cocin nan bayansu, wato ɓangaren mai zagaye, gabas yake kallo. Da na zo farko ba waya mai nuna alƙibla, da shi nake gane gabas a duk ƙauyen da aiki ya kai ni. Sai dai ka lura ɗana, a Maradi in ka fuskanci gabas hagu kake ɗan karkatawa, a nan dama za ka karkata, kuma sosai.

Bamarade:

Na gode ƙwarai Kawu, Malama Ummi, Malam Bulus, Direba kai kuma zan rama dariyar. Jiya Talata na je meri, sakatariyar ta turo ni gida na uku bayan cocin, kuma kamar yadda Kawu ya faɗa tsohuwa ce, ta kai 80, da sandarta. Makullin ƙarfe ne tsawonsa ya kai tafin hannuna, sai da na sa hannu biyu ya juya. Ciki sanyi kamar randa, warin danshi, kujeru na kaba duk ƙura, kashin tsuntsu a ƙasa wajen ƙofa. Bakan zagaye ne Malam Bulus, na duba. A kan wani ginshiƙi akwai wasu tsuntsaye biyu na shan ruwa a ƙwarya ɗaya, dutsen ƙofar kuma ya lotsa a tsakiya saboda takawa. Ta nuna min inda aka yi mata baftisma da inda aka ɗaura mata aure, ta ce rabon da a yi taro a ciki tun jana'izar wani maƙwabcinta da bazara.

Da muka fito ta ja ni wurin dutsen tunawa da sojojin 1914 zuwa 1918 da ke gaban cocin, na ƙirga suna 23, uku sunan gidansu ɗaya da nata. Ta ce ranar 11 ga Nuwamba ana taruwa a wurin da magajin gari, bayan nan a sha wani abu a zauren gari, wai lallai in zo akwai ruwan tuffa ga wanda ba ya shan giya. Ta tambaye ni ma'anar sunan garinmu, na ce mata maradi sarauta ce a wurinmu, sai ta ce to ita ba ta san na nasu ba sai ni da na gaya mata zancen gonar Barume, ta ce a'a ita dai kakanta bai taɓa faɗin haka ba.

Na so in kai mata wani abu na godiya, na ga furanni masu kyau jajaye da rawaya an cika kasuwa da su a tukwane kwanan nan kuma ba tsada, kirizantem ko me suke ce musu. Ya dace?

Ummi_Poitiers:

Kai Yaya a'a!! Kar ka soma. Na kabari ne, ranar 1 ga Nuwamba suke kai wa matattunsu maƙabarta shi ya sa ka gan su ko'ina. In ka kai wa tsohuwa mai shekara 80 wannan ai ka gama da mu a garin. Kai mata cukun gonarku, ko in ka zo da kilishi ka ɗiba mata mara yaji sosai.